Mashigin Yashi: Tarihin Hondarribia da Sunayenta Uku

A ƙuryar arewacin Sifaniya, daidai inda duwatsun Firenis suke ƙarewa a bakin Tekun Atilantika, akwai wani kogi da ake kira Bidasoa. Ba wani babban kogi ba ne, tsawonsa bai kai kilomita 70 ba, amma ƙarshen tafiyarsa shi ne iyakar Sifaniya da Faransa. A gaɓarsa ta yamma, inda yake zuba a teku, wani gari yake zaune a kan tudu cikin ganuwarsa ta dutse, dutsen Jaizkibel yana tsaye a bayansa. Mutanensa wajen 17,000 ne. Wanda ya tsaya a bakin ruwa yana hango gidajen Hendaya, garin Faransa da ke tsallake, kuma ƙaramin jirgin fito yana kai mutum can cikin 'yan mintoci.

A taswirar yau Hondarribia aka rubuta. Taswirar da aka buga a Madrid shekara sittin da suka wuce kuwa Fuenterrabía ta ce, su kuma littattafan tarihin Faransa Fontarabie suka sani. Kowane suna a cikin ukun nan akwai hannun da ya rubuta shi da zamanin da aka rubuta shi, kuma duk wanda ya bi sawunsu zai tarar da tarihin garin gaba ɗaya.

Mutanen wannan yanki Baskawa ne, harshensu Euskara. Masana sun daɗe da yarda cewa ba shi da dangi a cikin harsunan Turai na yau. Sifaniyanci da Faransanci da suka kewaye shi 'ya'yan Latin ne, shi kuwa yana nan tun kafin Rumawa su kawo Latin wannan yanki. Masu jinsa a yau ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma iyaka ta raba su gida biyu: mafi yawa a Sifaniya, kaɗan a Faransa. A cikin wannan harshe sunan garin ba shi da wani duhu. Hondar shi ne yashi, ibi kuma mashigi, wato wurin da ruwa bai yi zurfi ba har ake ƙetarewa. Hondarribia ke nan, Mashigin Yashi. Waɗanda suka raɗa wannan suna abin da idonsu ya gani suka faɗa: bakin kogi mai tarin yashi, wanda ke bayyana idan ruwan teku ya janye. Abin lura shi ne babu ƙamshin iyaka ko ganuwa a cikin sunan. A wurinsu kogin hanya ce.

Tsohuwar takardar da ta ambaci garin ita ce ta wajen 1180, wadda Sarki Sancho na Shida na Nabara ya ba garin San Sabastiyan, wanda Baskawa ke kira Donostia. Da ake zayyana iyakokin ƙasar da aka ba wancan gari, an ambaci wannan wuri da suna mai farawa da Undar, wato dai lafazin Baskawa kamar yadda ya shiga kunnen magatakarda. A lokacin yankin yana hannun Nabara, masarautar da cibiyarta ke Famfalona, wadda yawancin talakawanta Euskara suke ji. Wannan bakin kogi ɗaya ne daga ƙofofinta na fita teku.

Shekara ashirin bayan haka ƙofar ta suɓuce mata. A 1200 Sarki Alfonso na Takwas na Kastila ya haɗe lardin Gipuzkoa da ƙasarsa, Nabara ta wayi gari ba ta da gaɓar teku a wannan ɓangare. A 1203 ya ba garin takardar 'yanci irin ta San Sabastiyan: ikon naɗa alƙalansu, sassaucin haraji, da ƙasa mai faɗi da ta haɗa da Irun da Lezo. Ba don Allah ya yi ba. Yana son gari mai ganuwa da mutane masu biyayya a bakin wannan kogi. Daga wannan zamani ne sunan ya fara bayyana a takardu da harafin F a gabansa.

Yadda aka yi farkon sunan ya koma F labari ne mai daɗin bi. A ƙarni na 12 da na 13 fatake da matuƙan jirgi Gaskonawa, daga wajen Bayon ta ɓangaren Faransa, sun zauna da yawa a garuruwan wannan gaɓa, har harshensu ya zama na kasuwa da na rubutu. A Gaskonanci, kalmar Latin da ta fara da F takan koma H, don haka maɓuɓɓugar ruwa da Latin ke kira font su hont suke cewa. Masana da dama suna ganin a nan aka yi tuntuɓen: baƙo ya ji Hond a bakin Baskawa, ya ɗauka maɓuɓɓuga ake nufi, magatakarda kuma da ya zo rubutawa da Latin sai ya “gyara” kalmar ya mayar da ita Font. Daga nan Sifaniyanci ya samu Fuente, Faransanci ya samu Font. Wutsiyar sunan kuwa ta zama abin da kowa ke fassarawa yadda ya ga dama. Masu ilimin Latin suka ce Fons Rapidus ne, maɓuɓɓuga mai gudu. Mai jin Sifaniyanci yana jin rabia, wato hasala. Bafaranshe kuwa in ya dubi Fontarabie sai ya ga Arabie, ƙasar Larabawa, kwance a ciki, alhali mulkin Musulmin Andalus bai kafu a wannan gaɓa ba.

Sunan ya yi tafiya har Ingila. Mawaƙin nan John Milton, a littafinsa Paradise Lost na 1667, ya sa faɗuwar rundunar Sarki Sharlaman a wannan gari. Ainihin abin kuwa a Ronsesbayes ya faru a shekarar 778, can cikin duwatsu, nesa da teku, kuma Baskawa ne suka yi wa rundunar kwanton ɓauna. Mawaƙan Faransa na baya ne suka sauya labarin suka ɗora wa Musulmi.

Duk wannan a takarda ne. Mutanen da ke kwana a garin teku suka sa gaba. Hatimin garin na shekarar 1297 yana ɗauke da hoton 'yan maza a cikin kwalekwale suna sukar ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira wel, domin Baskawa suna cikin mutanen farko a Turai da suka mai da farautarta sana'a, suna narka kitsenta suna sayarwa a matsayin man fitila. A 1361 masunta da matuƙa suka kafa ƙungiyarsu da sunan San Pedro, kuma tana nan har yau. Kowace ranar 25 ga Yuli wata budurwa takan ɗauko akwatin ƙungiyar a ka, a bi ta da kiɗa, a buɗe a karanta lissafin dukiyar shekara a gaban jama'a. Unguwar masunta a wajen ganuwa take, a bakin ruwa, gidajenta da barandar katako masu fenti kore da ja da shuɗi. A cikin ganuwa ake da hakimai da sojoji da masu alƙalami. A wajenta, a unguwar masunta da gidajen gona na gindin Jaizkibel, aka fi riƙe Euskara, kuma a can tsohon sunan ya ci gaba da rayuwa a baka. Wani abin da ke nuna yadda kogin bai raba mutane ba a farko shi ne sha'anin coci: har zuwa 1566 garin yana ƙarƙashin bishop ɗin Bayon ne, na ɓangaren Faransa, sai da Sarki Filib na Biyu na Sifaniya ya matsa wa Fafaroma sannan aka mai da shi ƙarƙashin Famfalona.

Abin da ya mai da mashigi ya zama bakin daga shi ne ƙarfin da Faransa da Sifaniya suka yi a ƙarni na 16, kowace ta zama babbar daula mai igwa da runduna. A 1512 Sarki Fadinan, mai riƙe da mulkin Kastila, ya ci Nabara da yaƙi. A 1521 'yan Nabara masu son dawo da sarkinsu suka haɗa kai da Faransa, suka zo ƙarƙashin Admiral Bonnivet, suka kama garin a watan Oktoba. Sun riƙe shi fiye da shekara biyu, sai a farkon 1524 suka miƙa wuya ga Sarki Kalos na Biyar na Sifaniya, wanda ya yi musu afuwa. Abin baƙin ciki a wannan yaƙi shi ne a kan ganuwa da ƙarƙashinta duk akwai masu jin Euskara, suna kashe juna a kan rigimar gidajen sarauta. Bayan haka Kalos ya ƙarfafa ganuwar da tsohuwar fadar dutse da ke tsakiyar gari, wadda har yau da sunansa ake kiranta. Tun 1968 ta zama masaukin baƙi na gwamnati.

A watan Maris na 1526 aka yi wani abu a tsakiyar kogin da ke sa tsigar jiki tashi. Sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya, wanda aka kama a yaƙin Pavia shekara guda kafin nan, an kawo shi a kwalekwale daga gaɓar Sifaniya. Daga gaɓar Faransa kuma aka kawo 'ya'yansa maza biyu, babban bai wuce shekara takwas ba. A kan wani dandamali a tsakiyar ruwa aka yi musaya, uba ya tafi gida, yara suka tafi zaman garkuwa. Sai bayan shekara huɗu aka fanso su da zinariya mai ɗimbin yawa, a wannan kogi dai.

Amma shekarar da garin ba ya mantawa ita ce 1638. Faransa ta Kadinal Richelieu tana yaƙi da Sifaniya, ta aiko Yarima Konde da runduna ta wajen mutum 20,000, ga kuma jiragen yaƙi ƙarƙashin Akbishop ɗin Bordo, Henri de Sourdis, malamin coci da ya fi sabawa da igwa. A ranar 1 ga Yuli suka ƙetare Bidasoa suka yi wa garin ƙawanya ta tudu da ta ruwa. Waɗanda ke ciki, soja da farar hula masu iya riƙe makami, ba su kai 2,000 ba. Aka yi ta ruwan harsasan igwa har yawancin gidaje suka rushe, aka haƙa ramuka ƙarƙashin ganuwa ana cusa albarushi ana tayarwa. A 22 ga Agusta Sourdis ya ƙone jiragen Sifaniya da suka taso kawo ɗauki a gaɓar Getaria, ya zamana babu sauran tsammani daga teku. Kwamandan garin ya mutu a cikin ƙawanyar, Domingo de Egia ya karɓa, shi da magajin gari Diego de Butrón, wanda ake ba da labarin ya miƙa azurfar gidansa a narka a yi harsashi da dalma ta ƙare. Marubutan da suka rubuta labarin sun ambaci yadda mata suka shiga aikin tsaron garin tare da maza. Konde ya aiko a miƙa wuya, aka ƙi.

A ranar 7 ga Satumba, kwana 69 da farawa, rundunar agaji ƙarƙashin Admiral na Kastila ta gangaro daga Jaizkibel ta faɗa wa sansanin Faransawa. Suka watse, da yawa suka nutse a kogin suna neman tsallakewa. Sarki Filib na Huɗu ya ɗaga garin zuwa matsayin birni, ya ba shi kirari na hukuma: mai daraja ƙwarai, mai biyayya ƙwarai, mai jarumta ƙwarai. Da sunan Fuenterrabía aka yi wannan kirari, kuma da shi labarin ya bazu a Turai. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba don a gyara labarin suna: kakannin mutanen garin sun zubar da jini domin sarkin Sifaniya, kuma jikokinsu suna alfahari da haka.

Mutanen garin sun yi bakance a cikin ƙawanyar cewa in suka tsira za su riƙa hawa majami'ar Maryamu ta Guadalupe da ke kan dutse kowace shekara. Tun 1639 suke cikawa. Ranar 8 ga Satumba dubban maza sukan fito cikin jar hula da farin wando, da sarewa da ganga da bindiga, su ratsa gari. Ana kiran bikin Alarde. A 1996 wasu mata suka nemi su yi jerin gwanon a matsayin sojoji, maimakon mace ɗaya tilo da kowace ƙungiya ke sawa a gaba. Gari ya rabu, har 'yan gida ɗaya suka daina gaisawa. Ƙungiyar Jaizkibel ta maza da mata ta shekara da shekaru tana wucewa ana juya mata baya, ana ɗaga baƙaƙen ledoji don kada a gan ta. A ganina matan suna da hujja mai ƙarfi, tunda waɗanda ake tunawa da su a ranar ba maza kaɗai ba ne.

Sulhun dogon yaƙin Faransa da Sifaniya ma a kogin aka ƙulla shi. Gaba kaɗan da garin akwai wani ɗan tsibiri, tsawonsa wajen mita 200, inda Kadinal Mazarin na Faransa da Luis de Haro na Sifaniya suka yi watanni suna tattaunawa har suka sa hannu a Yarjejeniyar Firenis ranar 7 ga Nuwamba 1659. Cikin sharuɗɗan akwai auren Sarki Luwi na Goma Sha Huɗu na Faransa da Mariya Teresa, 'yar sarkin Sifaniya. A watan Yuni na 1660 aka ɗaura auren a babbar majami'ar garin, ango bai zo ba, Luis de Haro ne ya tsaya masa, kamar yadda wakilin ango ke karɓar aure a ƙasar Hausa shi yana can wani wuri. Bayan 'yan kwanaki aka miƙa amarya a tsibirin. Mai zanen fada Diego Velázquez ne ya shirya adon wurin, ya koma Madrid a gajiye, ya rasu a watan Agusta. Tsibirin nan har yau ƙasashen biyu ke mulkinsa bi da bi: Sifaniya daga Fabrairu zuwa Yuli, Faransa daga Agusta zuwa Janairu.

Daga nan tauraron garin ya fara dusashewa. Faransawa sun ci shi a 1719, suka sake cinsa a 1794 suka tarwatsa wani sashe na ganuwar da albarushi. A 1766 Irun, wadda da ƙauyensa ce, ta samu 'yancin kanta, kuma da hanyar mota da ta jirgin ƙasa suka bi ta can sai ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Tsakanin 1805 da 1814 an mai da garin ƙarƙashin Nabara, sannan aka dawo da shi Gipuzkoa. Tsohuwar rigimarsa da mutanen Hendaya, wadda ya daɗe yana cewa kogin duka nasa ne har gaɓar tsallake, sai Yarjejeniyar Bayon ta 1856 ta raba ta, aka sa iyaka a tsakiyar ruwa.

A farkon Satumba 1936, cikin yaƙin basasar Sifaniya, dakarun da suka yi wa jamhuriya tawaye suka ci Irun, garin ya kama da wuta, dubban mutane daga can da nan suka tsere zuwa Hendaya ta gada da kwalekwale. Kogin bai daina ganin masu gudun tsira ba. A 2021 da 2022 matasa 'yan Afirka da dama, akasarinsu daga yammacin nahiyar, sun nutse a cikinsa suna ƙoƙarin shiga Faransa da iyo don kauce wa 'yan sandan da ke tsare gadoji.

Mulkin Janar Franco, wanda ya kai har 1975, ya kori Euskara daga makaranta da ofis, har a 1938 aka hana yi wa jarirai rajista da sunan da ba na Sifaniyanci ba. Ba Franco ne ya ƙirƙiro Fuenterrabía ba, sunan ya girme shi da shekara ɗari bakwai. Abin da mulkinsa ya yi shi ne ya sa sunan ya ɗauki warin danniya, ya sa ɗaya sunan kuma ya zama abin da ake riƙewa da gangan. Shi ya sa da aka samu tsarin mulkin 1978 da dokar cin gashin kan Ƙasar Baskawa ta 1979, majalisar garin ba ta ɓata lokaci ba. A 1980 ta mai da sunan hukuma Hondarribia, kamar yadda garuruwa da yawa na yankin suka yi a waɗannan shekaru.

Sai dai sunan da ya dawo ya zo da wani baƙon harafi a gaba. Baskawan ɓangaren Sifaniya sun daɗe da daina furta H, kuma da can in za su rubuta sunan da harshensu da O suke farawa. Baskawan ɓangaren Faransa ne suka riƙe wannan sauti. A 1968 hukumar harshen, Euskaltzaindia, ta yi taro a Arantzazu don samar da daidaitacciyar hanyar rubutu guda ɗaya. Jagoran aikin shi ne Koldo Mitxelena, ɗan Errenteria da ke nan kusa, masanin harshe da ya sha ɗaurin kurkuku a zamanin Franco. Ya kawo shawarar a riƙa rubuta H, domin tsoho ne a harshen kuma domin rubutu ya haɗa mutanen gaɓa biyu. Aka yi shekaru ana tafka muhawara a kan wannan harafi ɗaya, dattawa da yawa suna ƙi, matasan marubuta suna so, har abin ya koma siyasa. Masu so suka yi rinjaye. Garin Ondarroa na lardin Bizkaia, wanda shi ma daga yashi sunansa ya fito, ya zauna babu H. Hondarribia kuwa ya ɗauka.

Ina ganin majalisar ta yi daidai, domin sunan da ke da ma'ana a harshen masu gari, wanda kuma ya riga ɗaya shiga takarda, shi ya fi cancanta ya hau allon hanya. Amma ban ga laifin dattijon Madrid ko na garin kansa da har yanzu yake cewa Fuenterrabía ba, domin shi ma sunan ya yi shekara ɗari takwas a wurin, kuma da shi aka binne waɗanda suka mutu a 1638. Tun 1998 garin da Irun da Hendaya suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Bidasoa-Txingudi, wadda ke aiki da harsuna uku. Yaran makaranta suna rubuta Hondarribia da H ɗinta cikakkiya, tsofaffin masunta na unguwar bakin ruwa kuwa, idan suna hira a tsakaninsu, sukan taƙaita shi su ce Onddarbi.